Nono Zalla: Me Ya Sa Likitoci Ke Hana Jariri Ruwa?

A ƙasar Hausa ba a roƙon uwa ta ba ɗanta nono. Daga Kano har Damagaram kusan kowace mai jego tana shayarwa, da yawa kuma sai yaro ya kusa shekara 2 ake zancen yaye. Addini ma ya ƙarfafa hakan, domin aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku. Inda gizo ke saƙar shi ne ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a ɗora jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, ko ɗigon ruwa kada a haɗa, in ba maganin da likita ya rubuta ba. Amma binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kacal na jariran da ba su kai wata 6 ba ke samun haka. Wannan ya sa aka ƙaddamar da gangamin hana jarirai ruwa a 2019.

Kakar da ta ɗauko cokalin ruwa a zafin bazara ba mugunta take yi ba. Ita ma ƙishi take ji, ta ga leɓen jikanta ya bushe, tausayi ya kama ta. Abin da ba a faɗa mata ba shi ne kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne. Wanda ke fara zubowa tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishi. Na ƙarshe mai maiƙo ne, shi ke ƙosarwa. Cikin jariri kuwa ɗan mitsitsi ne, a ranar farko bai fi cin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba. Idan ruwa ya cika shi, tsotso ya ragu, nonon uwa ma ya ja baya, tunda tsotso ne ke kawo shi. Ga kuma ƙwayoyin cuta a ruwan rijiya ko na randa, masu jawo gudawar da ke kwantar da jarirai, har ta yi ajalin wasu.

Haka batun dakashi. Har yanzu a wasu gidaje ana matse shi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙe jariri da jiƙon dabino ko madarar dabba sai farin nono ya zo. Wannan asara ce babba, domin ruwan nan mai kauri mai launin ɗorawa cike yake da garkuwar jiki, kuma yana taimaka wa jariri ya fitar da baƙin kashinsa na farko.

Uwa ba ta iya wannan aiki ita kaɗai. Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata 6, amma yawancin matan Arewa ba albashi suke ɗauka ba, a gida ake yanke musu hukunci. Yarinya mai haihuwar fari ba za ta iya musa wa uwar mijinta ba. Don haka wa'azin da ake yi wa mata ranar awo ya kamata ya isa kunnen kaka, ungozoma da maigida. Idan rana ta yi zafi, mai jegon za a ba ruwa da abinci mai kyau, ita kuma ta ƙara ba ɗanta nono.