Rauta Ta Yi Nauyi Bayan Filashin: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Maganar da ta fi yawo a bakin masu haɗa intanet a gidaje da shaguna ita ce, wai duk rautar da aka cire wa manhajar kamfani aka ɗora mata OpenWrt ko DD-WRT ko FreshTomato, to furosesarta ba za ta sake hutawa ba har sai ta ƙone. Mutum zai gama filashin, ya buɗe shafin farko, ya ga lambobi sun haura, sai hankalinsa ya tashi. Nan take shawarwari za su taso masa. Wannan ya ce ƙwayar cuta ce, wancan ya ce RAM ce ta cika, wani kuma ya ce a danne maɓallin baya na daƙiƙa 90. Cikin maganganun nan akwai masu tushe, akwai waɗanda suka taɓa zama gaskiya zamani ya wuce su, akwai kuma waɗanda ba su da kai balle gindi.

Mu fara da lambobin da ke tsorata mutane. Guda uku ne a jere, kamar 1.20 da 0.80 da 0.45, kuma mutane da yawa suna karanta su a matsayin kashi cikin ɗari na aikin furosesa. Ba haka ba ne. Matsakaicin adadin ayyukan da ke gudana ne, haɗe da waɗanda ke jira, a cikin minti 1 da minti 5 da minti 15 da suka wuce. Kamar layin injin markaɗe ne: idan injin ɗaya ne kuma mutum ɗaya ke kai, lambar ita ce 1, babu mai jira. Idan injuna biyu ne, mutum ɗaya rabin wurin kawai ya tare. Don haka lamba 1.5 nauyi ce ga rautar da furosesarta ke da ƙwaƙwalwa ɗaya, wato inji ɗaya, amma mai ƙwaƙwalwa huɗu ko gezau ba za ta yi ba. Sannan Linux yana ƙirga har ayyukan da suka tsaya suna jiran filasha ko faifan da aka jona ta USB, alhali furosesar tana zaune ba ta komai. Haka kuma a kunnawar farko bayan filashin rauta tana shirya ma'ajiyarta, tana ƙirƙirar makullan tsaro, don haka lambar kan hau na 'yan mintuna. Shi kansa shafin da kake kallo, mai zana layuka suna hawa da sauka, yana cikin abubuwan da ke ƙara mata aiki. Lamba ta uku, ta minti 15, ita ce abin lura.

Da'awar cewa manhajar da ba ta kamfani ba ta fi cin furosesa kuwa, akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata masoyan OpenWrt su riƙa musu ba. Tarihin abin ya faro ne daga Linksys WRT54G da ta fito a ƙarshen 2002. An gano manhajarta a kan Linux aka gina ta, lasisin GPL ya tilasta wa kamfanin sakin rubutun manhajar a 2003, daga nan OpenWrt ta samo asali a 2004. Amma ba komai kamfanoni ke saki ba. Masu ƙera furosesa suna da gajerun hanyoyi na kansu, kamar CTF na Broadcom da NSS na Qualcomm, waɗanda ke tura fakitocin data ba tare da kowanne ya bi dukkan matakan bincike na Linux ba. Idan ka ɗora manhajar da ba ta da waɗannan, kowane fakiti sai furosesa ta taɓa shi da hannunta. Ɗauki TP-Link Archer C7 siga ta biyu, mai ƙwaƙwalwa ɗaya mai gudun megahaz 720. A layin megabit 20 ko 30 ba za ka ji bambanci ba. A layin faiba mai ɗaruruwan megabit kuwa, za ta kai maƙura. Rautar ba ta lalace ba, ƙarfinta na ainihi ne ya bayyana.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Shiga rautar ta SSH, ka rubuta top, ka saka wani abu mai nauyi yana sauka, ka zuba ido a layin sama. Za ka ga usr da sys da idle da io da sirq. Idan sirq ce ta haura, idle ta kusa sifili, to jigilar fakitoci ce ke cin furosesar, babu wata manhaja mai laifi. Idan usr ce ta hau, duba jerin da ke ƙasa, sunan mai cin zai fito a sama. Idan io ce, matsalar tana wajen faifai ko filasha. Minti biyu na wannan kallon sun fi filashin sau goma amfani, kuma abin takaici ne yadda ake tsallake shi a garzaya ga goge komai.

Idan sirq ce, OpenWrt tana da nata magani tun sigar 18.06, wani zaɓi a sashen katangar tsaro da ke barin haɗin da aka riga aka tantance ya wuce ta gajeriyar hanya. Rautoci masu MT7621 na MediaTek har suna iya miƙa aikin ga wani sashe na musamman a cikin na'urar. Sai dai a nan wata jita-jitar ke shigowa, cewa wai a kunna komai lokaci ɗaya a samu gudu da tsari. Ba ya yiwuwa. Tsarin SQM, wanda ke hana kiran bidiyo tsinkewa lokacin da wani a gidan yake sauke fim, yana buƙatar ganin kowane fakiti, miƙa aikin ga wancan sashe na musamman na na'urar kuma kauce wa wannan binciken yake yi. Dole ka zaɓi ɗaya. A ra'ayina, gidan da layinsa ba shi da gudu sosai kuma mutane da yawa ke rabawa, SQM ya fi masa amfani ko da furosesa za ta yi gumi.

Zancen cewa VPN na cin furosesa gaskiya ne ba tantama. Ɓoye data lissafi ne mai nauyi, kuma OpenVPN a tsarinsa na asali ƙwaƙwalwa ɗaya yake amfani da ita komai yawan waɗanda rautar ke da su. WireGuard, wanda ya shiga cikin Linux 5.6 a watan Maris na 2020, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙananan furosesoci.

Batun RAM ta cika rabinsa rashin fahimta ne. Linux ba ya barin RAM a banza, yana ajiye fayiloli a ciki don saurin ɗaukowa, kuma yana sakin wurin da zarar an buƙata. Inda abin ke zama matsala ta gaske shi ne idan aka loda wa ƙaramar rauta dogayen jerin toshe talla, ko aka bar bayanan aiki suna taruwa a /tmp, wanda a OpenWrt cikin RAM yake zaune. Nan tsarin zai fara kashe ayyuka da kansa, su sake tashi, ya sake kashe su. Saboda irin wannan ƙarancin ne OpenWrt ta daina tallafa wa rautoci masu filasha megabait 4 da RAM megabait 32 bayan sigar 19.07.

Ƙwayar cuta fa? Tana faruwa. Mirai a 2016 ta shiga ɗimbin na'urori ta hanyar gwada kalmomin sirri na kamfani da ba a canza ba. A watan Mayun 2018 masu binciken Cisco Talos sun bayyana VPNFilter, wadda ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54. Amma ƙwayar cuta ce ya kamata a zarga a ƙarshe, bayan an duba sauran. Idan ba ka buɗe SSH ko shafin gudanarwa ga duniyar waje ba, kuma ka sa kalmar sirri mai ƙarfi, da wuya ita ce. Sau da yawa kwamfuta ɗaya mai sauke toren, wadda ta buɗe dubban haɗi a lokaci guda, ita ce ke danne rautar.

Danne maɓalli na daƙiƙa 30 sau uku al'ada ce ta zamanin tsofaffin rautocin Broadcom masu DD-WRT. Ba a yin ta a sababbin rautoci masu furosesar ARM, kuma ba hanyar OpenWrt ba ce, wadda ke da umarninta na firstboot. Abin da ke da tushe a maganar shi ne tsohon saiti kan rikita sabuwar siga. OpenWrt ta canza tsarin ramukan waya na rautoci da yawa a 21.02, ta kuma koma nftables a 22.03, don haka idan za ka tsallaka irin waɗannan sigogi gara ka sake saiti daga farko.

Zafi ma ba a raina shi, musamman a bazarar Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Wasu furosesoci suna rage gudu da kansu idan suka yi zafi, sai aikin jiya ya zama nauyi yau. Fitar da rautar daga cikin akwati ko bayan talabijin, ta sha iska. Masu cewa a ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda aka ƙera ta kuwa, kada ka saurare su, ƙarin zafi kawai za ka saya.

Idan ka duba top, ka kashe abubuwan da ba ka buƙata ɗaya bayan ɗaya, amma har yanzu sirq tana cike duk lokacin da layin ya ɗauki gudu, to layinka ya fi ƙarfin rautarka. Babu saitin da zai gyara wannan, sai rauta mai furosesa mafi ƙarfi.