Batir Rumbu Ne: A Ci Rabi, A Bar Rabi

Kuna tune da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, ba a maido ta ba sai watan Maris na 2024. Damagaram ta sha duhu, domin layinta daga Katsina yake fitowa, ya biyo ta Gazawa. Shi ya sa mai gida a unguwar Kara-Kara, ko a ƙauyukan Mirriya, yake son ya ajiye wutarsa cikin batir. Amma kafin ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san lissafi.

Wutar batir bolt 12 ce, wutar NIGELEC kuwa bolt 220. Talabijin da fanka irin na gari ba sa aiki da ta batir kai tsaye. Sai an sa na'urar juya wuta a tsakani, wadda masu gyara ke kira kwanbatisar, a Najeriya kuma inbata. Ita ba ta ƙirƙirar wuta, juyawa kaɗai take yi, har ma tana cin ladanta, wajen kashi ɗaya cikin goma.

Ga lissafin. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 100Ah a jikinsa yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda. To, batir mai dalma kamar rumbu yake: ba a cinye shi ƙarƙaf. A ci rabi, wato 600. In an cire ladan na'ura, saura 500 da ɗoriya. Kowane kaya an rubuta yawan wat ɗinsa a baya ko a gindi. A ce fanka 50, talabijin 40, ƙwan fitila uku 30, jimla 120. Raba 500 gida 120, ka samu awa huɗu da ƴan mintoci. Wanda yake son fanka ta kai asuba, sai ya kashe talabijin.

Dutsen guga da abin dafa ruwa suna jan wat 1,000 ko fiye. Cikin rabin awa za su lashe rabon dare ɗaya, su gasa waya. A bar su da gawayi. Firji kuma yakan ja ninkin ba ninkin wutarsa lokacin tashi, ƙaramar na'ura ba ta iya masa.

Wajen saye, araha ba ta ado. Na'ura mai arha tana ba da wuta mai gargada, fanka ta riƙa gurnani tana zafi. Batirin mota kuwa don tada inji aka yi shi. In ana zuƙe shi kullum, ba ya daɗewa. A nemi wanda aka yi don hasken rana.

Wajen haɗawa, jar waya a kan +, baƙa a kan −. Wayar ta zama mai kauri, gajera, da fiyus kusa da batir. Kada a jona na'urar da wayoyin gidan da ke haɗe da layin gari ba tare da gwani ba, don wutar tana iya komawa layi ta kashe ma'aikaci.

Zafin bazara yana rage wa batir kwana. A ajiye shi a inuwa mai iska, ba cikin ɗakin barci ba. In yana caji yana fid da iska mai kama wuta, saboda haka ban da taba, ban da ashana. In ruwansa ya ja baya, a ƙara tatacce na kanti, ban da na rijiya. Faifan hasken rana kuma a riƙa goge masa ƙurar hunturu.

In batir ya mutu, kada yara su fasa shi. Ruwansa yana ƙona fata, dalmarsa guba ce. A kai wa masu sayen tsoho.

Ku karanta wa maƙwabtan da ba su shiga yaƙi da jahilci ba, ku yi lissafin tare kafin ranar kasuwa.