Amsoshin Tambayoyinku: Shayin Sinawa Na Kashe Zafin Hanta

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga jihar Kano, ya aiko da takarda yana cewa ya ji ana tallar wani shayi na ƙasar Sin, wai yana "kashe zafin hanta". Yana so a gaya masa mene ne wannan zafi, da me ake haɗa shayin, kuma ko zai yi wa ƙanensa mai fama da shawara magani.

To Malam, mun gode da takardarka. Da farko dai ka sani, idan mai maganin gargajiya na Sin ya ce "hanta", ba tsokar nan da mahauci ke yanka maka a kan tebur kaɗai yake nufi ba. A wajensu hanta wani sashe ne na aikin jiki wanda ya haɗa da ido, da jijiyoyi, da ajiyar jini, har da fushi. Tun a tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, wanda ya yi shekara kamar dubu biyu, an rubuta cewa ido shi ne ƙofar hanta, kuma yawan fushi yana yi mata lahani. Saboda haka idan suka ga mutum idonsa ya yi jajur, kansa na sarawa, bakinsa na ɗaci, kunnensa na ƙara, ga saurin hasala, ga bayan gida ya yi tauri, fitsari ya yi ja, sai su ce wutar hanta ce ta taso. Wannan magana ba za ta yi maka baƙunci ba, tun da mu ma nan muna cewa zafi ya yi wa wane yawa, a ba shi abu mai sanyi. Amma fa ba wani zafi ba ne da za a gwada a asibiti a gan shi cikin hanta.

Shayin da suka fi sha domin wannan shi ne na furen juhuwa, wani ɗan fure fari ko rawaya da ake shanyawa ya bushe. Wanda ake nomawa a lardin Zhejiang ya yi suna ƙwarai. Ana zuba giram 5 zuwa 10 a ruwan zafi, a rufe, a bar shi ya jiƙa. Akwai kuma kan wata ciyawa da suke kira shiyakutsawo, da ganyen bishiyar da ake ciyar da tsutsar siliki. A kudancin ƙasar, lardin Guangdong, inda ake zafi da gumi, akwai shaguna musamman na irin wannan "shayin sanyi", har gwamnatinsu ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ƙasa a shekarar 2006.

Sai wanda zai ba ka mamaki. Akwai wasu 'ya'yan ganye da Sinawa ke kira juweming-zi, ma'anar sunan tana da nasaba da washewar ido. To ba komai ba ne illa 'ya'yan tafasa, ita dai tafasar da ke fitowa a bakin gona da damina, wadda mata ke yin kwaɗo da ganyenta. Kai da ke kasuwar hatsi wataƙila ka sha ganin ana auna su buhu-buhu za a fitar waje. Su Sinawa sukan soya su a busasshen kasko, ba mai, har sai sun fara ƙamshi suna fashewa, sannan a ɗebi giram 9 zuwa 15, wato kamar cikin babban cokali ɗaya, a tafasa a sha. Sau da yawa a haɗa da furen juhuwa.

Abin da aka tabbatar game da 'ya'yan tafasa shi ne suna sassauta ciki, domin dangin filasko ne. Suyar tana rage musu wannan ƙarfi, amma ba ta kashe shi duka. Don haka mai zawo ko mai saurin lalacewar ciki kada ya sha. Mace mai juna biyu ta bar shi, kada kuma a ba ƙananan yara. Mai lafiya ma kada ya mai da shi shayin kullum wata da watanni. Kuma a yi hattara, tafasa daban, rai-ɗore daban. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, ƙwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa. Rai-ɗore kuwa ganyensa mai tsini ne, ƙwansonsa ya fi faɗi. Ɗanyen 'ya'yan rai-ɗore guba ne ga dabbobi, kuma a arewacin Indiya likitoci sun danganta mutuwar yara da cinsu, hantar ce ma suke fara lalatawa.

Ba kowane haɗi ne na Sin ake sha ido rufe ba. Akwai wani shahararren haɗin ƙwayoyi na kashe wutar hanta mai suna Longdan Xiegan. An daɗe ana sa wani icce a ciki, guanmutong, ashe yana ɗauke da sinadarin da ke kashe ƙoda. Mutane da yawa suka kamu da ciwon ƙoda, har hukumar magunguna ta Sin ta hana amfani da iccen a shekarar 2003. In can gidan maganin an yi haka, to ina ga ƙullin da ba suna, ba lambar NAFDAC, da ake yawo da shi a mota da lasifika ranar kasuwa?

Yanzu maganar ƙanenka, wadda ita ce babba. Lura da kyau: Sinawa jan ido suke magana, kai kuwa ido rawaya kake faɗa. Shawara alama ce, ba ita ce cutar ba. Tana iya zuwa daga ciwon hanta na ƙwayar cuta, kamar nau'in B ko C, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama. Babu ɗaya cikinsu da shayin fure ke warkarwa, kuma hantar da ta riga ta galabaita ba ta son a ƙara mata aiki da jiƙe-jiƙe. Ka kai shi asibiti a ɗebi jininsa a gwada. In nau'in B ne, akwai magungunan da ke danne shi, sannan a gwada matarsa da 'ya'yansa, wanda bai kamu ba a yi masa allurar riga-kafi. Jarirai ana so a yi musu ta farko a ranar da aka haife su.

Kai ma Malam, in ciwon kai da jiri da ƙarar kunne ne suka sa ka neman shayin, fara zuwa a gwada maka hawan jini, domin alamun sukan yi kama. Kuma tun da hatsi ne sana'arka, kula da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu ko a sito. Gubar da ke cikinsu tana jawo dajin hanta, musamman ga mai nau'in B, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A tsince su a zubar, kada a ce za a ba kaji ko a kai wa masu ƙuli-ƙuli da araha.