Tafiya da yaro mai cutar sistik faibirosis: Yadda za a kiyaye maganin numfashinsa a hanya da masauki

Idan hutun ƙarshen shekara ya kawo jiki, 'yan Najeriya mazauna Ingila, Amurka da sauran ƙasashe kan ɗaura niyyar zuwa gida ganin dangi. A cikinsu akwai wasu iyalai 'yan kaɗan waɗanda kafin su yi maganar tikiti ko tsaraba, sai sun fara tambayar ko gidan da za su sauka yana da firiji mai samun wuta dare da rana. Su ne iyayen yara masu cutar sistik faibirosis, wadda maganinta na yau da kullum ya rataya a kan wutar lantarki, sanyi da ruwa mai tsabta.

Sistik faibirosis cuta ce ta gado, kuma hanyar gadonta irin ta sikila ce: idan uba da uwa duk suna ɗauke da ƙwayar halittar da ta samu tangarɗa, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da yaro mai cutar. Wata likita Ba'amurkiya, Dorothy Andersen, ce ta fayyace ta a 1938, sannan a 1989 masana suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta, wadda ake kira CFTR. Aikin wannan ƙwaya shi ne daidaita shige da ficen gishiri da ruwa a sassan jiki. Idan ta gaza, majinar da ke cikin huhu sai ta yi kauri da danƙo, ta toshe ƙananan hanyoyin iska, ta zama matattarar ƙwayoyin cuta. Haka kuma takan hana abinci narkewa yadda ya kamata, ta sa zufa ta yi gishiri ƙwarai.

Cutar ta fi yawa a tsakanin Turawa. A Birtaniya ana haifar kimanin jariri ɗaya mai ita cikin kowane 2,500. Sai dai ana samunta a tsakanin baƙar fata ma, kuma a Afirka sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin tarin fuka, asma ko tamowa, saboda ƙarancin wuraren gwajin zufa da ke tabbatar da ita.

Abin da ya sa tafiya ke da wuyar sha'ani ga irin wannan yaro shi ne, huhunsa ba ya hutu da tara majina. Kullum safe da yamma sai an bi wani jeri da likitansa ya tsara. Galibi akan fara da maganin buɗe hanyoyin iska, irin su salbutamol, sai a shaƙi ruwan gishiri mai ƙarfi, wanda kan kai kashi 7 cikin 100, ta na'urar nebulaiza mai mayar da ruwan magani tururi. Akwai kuma dornase alfa, da aka fi sani da Pulmozyme, mai tsinka majina. Daga nan sai atisayen fitar da majinar, ko ta bubbuga ƙirji da baya, ko ta busa wata 'yar na'ura, ko ta sanya riga mai girgiza ƙirji. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shaƙa, kamar tobramycin, shi ke zuwa ƙarshe, domin ya tarar da hanya a share. Duka wannan kan ci awa biyu ko fiye a yini, kuma tsallake shi na kwana biyu ko uku na iya mayar da hutu zaman asibiti.

Saboda haka shiri kan fara ne makonni kafin ranar tashi, da ganin likitocin da ke kula da yaron. Su za su auna ƙarfin huhunsa, su ɗebi majina don gwaji, su rubuta wasiƙa mai ɗauke da sunan cutar, sunayen magunguna da adadinsu, da na'urorin da zai riƙe. Sau da yawa sukan ba da maganin ko-ta-kwana da za a fara sha idan tari ya ƙaru. Yana da kyau a ɗebi magani fiye da na kwanakin tafiya, ko da na mako guda ne, domin Pulmozyme ba abin da za a shiga kowane kemis a Kano ko Legas a saya ba ne.

Jirgin sama ma yana da nasa sharaɗin. Iskar cikin jirgi daidai take da ta saman dutse mai tsayin da ya kai mita 2,400, inda jiki ke samun oksijin kamar kashi 15 cikin 100 maimakon kashi 21 da ya saba samu a ƙasa. Yawancin yara masu cutar ba sa jin komai, amma wanda ƙarfin huhunsa ya sauka ƙasa da rabi akan yi masa gwajin shaƙar irin wannan iska na minti 20 a asibiti, don a ga ko zai buƙaci ƙarin oksijin a jirgi. Wanda huhunsa ya huje kwanan nan kuwa, ba ya hawa jirgi sai bayan aƙalla mako biyu da tabbatar da warkewarsa. Idan likita ya ce a ɗage tafiya, to a ɗage. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Duk magunguna da na'urori su kasance a jakar hannu. Akwatin da aka loda a ƙasan jirgi na iya ɓata ko ya makara, kuma sanyin wurin na iya daskarar da magani. Dokar nan ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ba ta hau kan magani ba, matuƙar an nuna shi ga jami'an bincike tare da wasiƙar likita.

A nan ne maganar sanyi ke shigowa, kuma a ƙasa irin tamu ita ce ta fi kowace nauyi. Pulmozyme yana buƙatar zama tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, cikin ledarsa mai kare shi daga haske. Takardar da ke tare da shi a Turai ta yi rangwamen fita daga firiji sau ɗaya kawai, na abin da bai wuce awa 24 ba, a zafin da bai haura digiri 30 ba. Ruwan tobramycin na shaƙa ya fi shi juriya, yana iya zama a waje har kwana 28, amma da sharaɗin zafin kada ya wuce digiri 25. Wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san cewa “zafin ɗaki” da masu haɗa magani ke nufi ba na ɗakunanmu ba ne.

Maganin hakan a hanya shi ne ƙaramar jakar sanyi mai fakitin ƙanƙara, da ma'aunin zafi a ciki, a kuma raba maganin da ƙanƙarar da tsumma ko kwali. A mota a ajiye jakar kusa da fasinja, kada a sa ta a but ko gaban gilashi. A masauki kuma akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba: gidaje da yawa sun fi dogara da firiza mai daskarar da kaya, domin ita ke riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Daskarewa ma ɓata maganin take yi. Duk kwalbar da ruwanta ya yi gurɓi ko ya sauya launi, a zubar da ita.

Wani zai tuna da randa cikin randa, dabarar sanyaya kaya da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana da amfani wajen adana tumatir da ganye, amma ba a dogara da ita ta riƙe magani ƙasa da digiri 8.

Wutar lantarki kuma fuska biyu gare ta. Ta farko ita ce ƙarfinta: Najeriya da Birtaniya suna amfani da kusan bolt 230 da soket iri ɗaya, Amurka kuwa 120 take amfani da shi. Na'urar da aka sayo a Amurka, idan ba a rubuta a jikinta cewa tana karɓar 100 zuwa 240 ba, jona ta kai tsaye na iya ƙona ta nan take, kuma adafta ba ta hana hakan, sai an haɗa da taransifoma. Ta biyu ita ce rashin tabbas ɗinta. Don haka ƙaramar nebulaiza mai aiki da batir, wadda ba ta da ƙara kuma ta fi sauri, ta fi dacewa da tafiya, muddin likita ya tabbatar cewa ta dace da irin maganin, domin ba kowace na'ura ke tafiya da kowane magani ba. Idan janareta za a kunna, a nisanta shi da taga.

Sai batun ruwa, wanda iyaye da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi saboda ba a ganin haɗarinsa da ido. Ƙwayar cutar da likitocin wannan fanni suka fi tsoro, Pseudomonas aeruginosa, a cikin ruwa da danshi take rayuwa: tankin da ya daɗe ba a wanke ba, bakin famfo, kwatami, soson wanke-wanke. Idan ta kafu a huhun yaro, fitar da ita kan yi wuya matuƙa. Nebulaiza da aka ɗauraye da irin wannan ruwa aka rufe da jiƙonta, ita da kanta za ta kai ƙwayar har ƙuryar huhu.

Ƙa'idar da Gidauniyar Sistik Faibirosis ta Amurka ta shimfiɗa ita ce, bayan kowane amfani a kwakkwance sassan, a wanke da sabulun wanke kwanuka, sannan a tafasa su na minti biyar idan kamfanin da ya ƙera su ya yarda da hakan. Idan babu halin tafasawa, a jiƙa su cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 na minti biyar, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, a shanya a kan takardar goge hannu mai tsabta har su bushe sarai. Ruwan leda ko na gora ya isa sha, amma bai kai matsayin tafasasshe ba wajen wannan aiki. Ruwan tsami na binega ma ba ya kashe wannan ƙwayar. Ƙaramar butar lantarki ko tukunya ta musamman, wadda ba a girki da ita, tana cikin kayan da suka fi cancantar shiga akwati.

Bambancin lokaci ba shi da wahala ga mai zuwa daga Landan, tunda bai wuce awa ɗaya ba. Daga New York kuwa ya kai awa biyar zuwa shida, sai a riƙa matsar da lokacin magani sannu a hankali. Tobramycin ana son tazarar kusan awa 12 tsakanin shaƙa biyu, kuma kada ta gaza awa shida.

Yanayin gida yana da nasa ƙalubalen. Ƙurar hunturu, hayaƙin icce, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk suna tayar da tari, don haka gidan sauro ya fi, tare da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da likita ya tantance cewa ba ya karo da sauran magungunan yaron. A lokacin zafi kuma yaron kan zubar da gishiri mai yawa ta zufa, abin da ke kawo kasala, amai da ƙarin kaurin majina. Yana buƙatar ruwa a kai a kai da ƙarin gishiri gwargwadon yadda likita ya ƙayyade.

Akwai kuma dangi. Kaka da ta ga jikanta na tari za ta so ta turara shi ko ta jiƙa masa wani abu, kawu kuma ya ce a bar yaro ya huta da na'ura tunda biki ake yi. Duk ƙauna ce ta kawo haka, kuma ya fi sauƙi a yi musu bayani tun kafin a iso: tarin ba ya yaɗuwa ga mai lafiya, kuma ba tarin fuka ba ne. Abin da ake gudu shi ne kusantar mai mura, ko wani mai irin cutar, wanda aka shawarta a bar tazarar mita biyu tsakaninsu don kada su yi musayar ƙwayoyin cuta.

Idan tari ya ƙaru, majina ta sauya launi ko ta zo da jini, numfashi ya yi sama-sama, ko ƙirji ya kama ciwo farat ɗaya, a nufi asibitin koyarwa ko babban asibiti mai sashen yara, da wasiƙar likita a hannu, domin mai yiwuwa wanda za a tarar bai taɓa duba mai wannan cuta ba. Bayan an koma kuma a sake gwajin majina, a faɗa wa likitoci garuruwan da aka je da irin ruwan da aka yi amfani da shi, domin Pseudomonas da aka gano da wuri ana iya kawar da ita kafin ta samu gindin zama.