Tsofaffin Kaset-kaset: Jarin Da Ke Lalacewa A Ƙananan Gidajen Talabijin

A shekarar 2016 ne kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi kaɗai ya rage a wannan sana'a, ya daina ƙera na'urar kunna kaset ɗin VHS. Lamarin ya shafi ƙananan gidajen talabijin na Nijeriya, domin shirye-shiryensu da dama suna jibge a kaset, zafi da laima suna cinsu, kayan gyaran na'urorin kuma sai ƙara wuya suke yi.

Mafita ita ce a juye shirye-shiryen cikin kwamfuta, a yi kwafi 3, ɗaya a ajiye shi a wani gini dabam, a kuma rubuta sunan kowane shiri da ranarsa da mai haƙƙinsa. Shirin da aka adana haka ana iya maimaita shi ko a sayar. Wanda ya lalace kuwa, kuɗin da aka kashe masa sun salwanta ke nan.