Yadda A Ke Saba Wa Sabon Kuru Da Motoci

Babbar hanyar nan da ta fito daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta wuce Tambuwal har Jega, ba ta rabuwa da motoci dare da rana. Ga tankokin mai, ga manyan motoci shaƙe da albasa ko shanu, ga babura ba iyaka. Manomin da ke zaune a ƙauyukan gefenta, in ya sayi doki ko ɗan kuru don zuwa gona da kasuwa, tilas wata rana ya bi hanyar ko ya ƙetare ta. To, dabbar da ta tashi a daji ba ta san mota ba. In ba a shirya ta ba, ran da suka fara gamuwa sai ta zabura, ta ka da mahayi bisa kwalta, ko ta faɗa gaban motar. Ga hasarar dukiya, ga ta rai.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, wannan tsoro ba mugun hali ba ne. Doki ba shi da makamin da ya fi gudu. Idanunsa a gefen kai su ke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ban da abin da ke daidai bayansa. Saboda haka motar da ta biyo shi ta baya, rurinta ya ke fara ji, sa'an nan ta ɓullo masa a gefe kwatsam. Wanda ya zuba masa bulala a wannan lokaci, ko ya fizgi linzami da ƙarfi, ya koya masa cewa inda mota ta ke, nan azaba ta ke. Gobe tutsunsa sai ya fi na yau.

Horo daga gida a ke fara shi. A kawo babur a kashe, a ajiye inda dokin zai shinshina shi. Kashegari a tayar da shi daga nesa, daidai lokacin da aka zuba wa dokin dusa ko harawa. Kullum a riƙa matsowa kaɗan kaɗan, yau ta dama, gobe ta hagu, har a kai ga yin oda bai ɗaga kai daga abinci ba.

Bayan wannan, a kai shi kiwo wani fili da ke hangen hanya, kamar taki ɗari daga kwalta, tare da tsohon dokin da ya saba da mota. Doki dabbar garke ce, in ya ga ɗan'uwansa bai damu ba, shi ma hankalinsa sai ya kwanta. Mai doki ya lura da alamu. In dabbar ta daina ci, ta miƙe wuya tana huci, an matso da yawa ke nan, sai a ja baya. In ta koma cin ciyawa mota na wucewa, gobe a ƙara kusa. Wani doki kwana bakwai ya ishe shi, wani sai ya yi wata guda.

Sai an ga haka za a ja shi da ragama a ƙananan hanyoyin burji na ƙauye, daga baya kuma a hau, tsohon dokin na gaba. Babban mutum ne zai yi hawan farko, ba yaro ba. A zaɓi safiya, a guji ranar kasuwa, da almuru, da kwanakin da hazo ya rufe gari.

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 motoci a Nijeriya suka koma bin hannun dama. Watau mai jan doki, in yana bin gefen dama na hanya, ya tsaya a hagun dabbar, tsakaninta da motoci. In babbar mota ta taso, a ɗan karkato kan dokin wajen hanya, don gindinsa ya kauce wa kwalta, ya kuma ga abin da ke zuwa. Kada a shiga gada ko kwalbati sai hanya ta yi sarari, gama can ba wurin ratsewa.

Direbobi ma suna da nasu haƙƙi. A Ingila, tun 2022 ƙa'idar hanya ta ce mai mota kada ya wuce doki da gudun da ya fi mil 10 a sa'a, ya kuma bar tazarar mita 2. Direban da ya rage gudu, ya bar oda, minti guda kaɗai ya rasa.

Mai saye kuwa, kafin ya biya, ya sa dillali ya ja dabbar kusa da tashar mota, ya ga halinta da idonsa. In ta firgita, ba laifi ya saya, muddin ya san akwai aiki gabansa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.