Gilashin Taga Mai Tare Zafi: Bayani Ga Kwamitocin Gina Masallatai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW).

Bayan haka, 'yan uwa, masallatanmu na zamani sun cika da manyan tagogin gilashi. Da watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40 a Yamai ko Damagaram, sai sallar Azahar ta gagara sai da na'urar sanyaya ɗaki. Kuɗin wutar kuwa daga sadakar jama'a yake fita. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani kan wani gilashi da ake tallatawa a matsayin maganin zafi.

Gilashi biyu ne ake haɗawa, a bar rata tsakaninsu wadda ba ta kai milimita ɗaya ba, a zuƙe iskar ciki, a toshe gefuna. Ana jera ƙananan ginshiƙai a ratar don kada gilasan su manne. Da yake babu iskar da za ta ɗauki zafi daga wannan gefe zuwa wancan, zafin waje ba ya ratsowa da sauƙi, kamar yadda fulas ke riƙe shayi. A Jami'ar Sidni ta Ostireliya aka fara ƙera shi a 1989, daga baya wani kamfanin Japan ya fitar da shi kasuwa.

Sai dai a lura: hasken rana yana ratsa shi ya ɗumama ɗaki, in ba an yi masa shafe na musamman ba. Ga shi da tsada, kuma daga waje ake shigo da shi. Alƙiblarmu tana gabas, don haka babbar taga a bangon gabas ko na yamma rana ce za ta sha safe da la'asar.

Abin da ya fi sauƙi shi ne bango mai kauri, rufi mai tsawo, baranda mai inuwa, da ƙananan tagogi a kudu da arewa. Masallacin Dandaji a jihar Tawa, wanda aka kammala a 2018, da tubalin ƙasa aka gina shi.

Dukiyar masallaci amana ce, kuma Allah Ya hana almubazzaranci. Kafin a sayi gilashi, a fara gyara tsarin ginin.

Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alamu.